Dedza: An Raba Auren, Saura Komawa Aji

Tsakanin 2010 da 2013, 'yan mata 27,612 ne suka bar makarantun firamare a ƙasar Malawi saboda aure. A sakandare kuwa, cikin waɗannan shekarun, 4,053 ne suka bari. Alƙaluman gwamnatin ƙasar ne, ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da su a rahotonta na 2014, ta haɗa da waɗanda ciki ya fitar daga aji: 14,051 a firamare, 5,597 a sakandare.

Duk wanda ya saba jin cewa aure karatun 'yan sakandare yake katsewa, ya sake duban lissafin nan. Waɗanda aure ya ɗauke daga firamare sun ninka na sakandare kusan sau bakwai. Wannan tazarar ce ta sa na zaɓi gundumar Dedza don wannan nazari, domin a can ne wata basarakiya, Theresa Kachindamoto, ta yi abin da sarakuna ba su saba yi ba: ta riƙa raba auren yara da ƙarfin sarauta tana mayar da su makaranta. Abin da ya faru kafin rabuwar da abin da ya biyo bayanta sun nuna yadda aure ke cin karatu, daki-daki.

Dedza tana tsakiyar Malawi, kudu da babban birnin ƙasar, Lilongwe. Ta yamma ta yi iyaka da Mozambik, ta gabas kuma ta gangara daga tsaunuka zuwa bakin Tafkin Malawi. Yawancin mutanenta ƙananan manoma ne, na bakin ruwa kuma masunta.

Yadda budurwa ke tsintar kanta a firamare

Firamare a Malawi shekara takwas ce, sakandare huɗu. A takarda, yaro zai shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6, ya gama yana 13 ko 14. A ƙauye lamarin ba haka yake tafiya ba. A 1994 gwamnatin Bakili Muluzi ta soke kuɗin makarantar firamare, cikin shekara guda ɗalibai suka tashi daga kusan miliyan 2 zuwa kimanin miliyan 3. Azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da haka ba. Har bayan shekaru masu yawa, ajin ƙananan yara mai ɗalibi fiye da 100 ba abin mamaki ba ne, wasu ma a gindin bishiya suke ɗaukar darasi. A irin wannan cunkoso yaro kan shekara bai iya haɗa baƙi ba, sai a ce ya maimaita. Yarinyar da gidansu ke nesa da makaranta kuma ba a sa ta sai ta yi ƙwarin tafiya, wataƙila tana 8. Ta maimaita aji sau biyu, ga ta nan 'yar shekara 15 tana aji shida, ta balaga, tana zaune a tsakiyar yaran da ta girme wa da shekara uku ko huɗu.

Nan ne mahaifinta yake zama ya yi lissafi, kuma bai kamata a ɗauke shi jahili ba, don lissafinsa yana da kai. Saura shekara biyu ta gama firamare. In ta gama akwai jarrabawar ƙasa, kuma cin jarrabawar kaɗai ba ya ba da gurbi a sakandare, domin gurabe sun yi wa ɗalibai kaɗan, zaɓe ake yi. In an zaɓe ta, a shekarun da muke magana sakandare ta kuɗi ce, ga yunifom, ga littattafai. Makarantar je-ka-ka-dawo mafi kusa tana iya zama tafiyar awa biyu a ƙafa, shi ya sa 'yan mata da yawa kan kama ɗakin haya kusa da makaranta su zauna su kaɗai, ba uwa ba malama, kuma kowa ya san abin da ke faruwa da yarinyar da kuɗin abinci ya ƙare mata a irin wannan ɗaki. In ta jure duk wannan ta gama, aikin albashi ba ya jiranta a bakin ƙofa. A ɗaya gefen kuma ga saurayi ya fito, zai ɗauke wa gida baki ɗaya, musamman a watannin Janairu da Fabrairu lokacin da rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba, iyali suna ƙwadago a gonakin wasu don su samu na sawa a tukunya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin aure ya iso, makarantar ta riga ta sassauta riƙon da ta yi wa yarinyar.

Wani lokacin ma ba uban ne ke da ta cewa ba. A yawancin tsakiya da kudancin Malawi ana bin dangi ta wajen uwa, kuma kawu yana da babbar murya a kan auren 'yar ƙanwarsa. Wani lokacin kuma yarinyar ce da kanta take so, don ta ga ƙawarta da ta yi aure tana da zane sabo da sabulun wanka nata na kanta. Sau da yawa ciki ne yake riga auren zuwa, sai dangi su yi gaggawar haɗa su don rufa asiri.

Akwai masu cewa ai aure ba ya hana karatu, ga matan aure cike da jami'o'i. Gaskiya ne, amma mace 'yar shekara 24 da ke jami'a, wadda ta riga ta san darajar takardarta kuma take da bakin yin sharaɗi da miji, daban take da 'yar aji shida. A bi ranar wannan ƙaramar a gani. Da asuba ita za ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta share gida, a damina kuma ta bi miji gona. Ƙararrawar makaranta ta daɗe da kaɗawa kafin ta sauke tukunya. Makon farko za ta yi latti, mako na biyu ta yi fashin kwana biyu, malami ya kira sunanta a rajista yara su amsa masa da cewa ta yi aure, ajin ya fashe da dariya. Miji, wanda shi ma sau da yawa yaro ne, ba ya son ganin matarsa cikin yunifom tana zaune kusa da samari. Kuɗin littafin rubutu yanzu a hannunsa yake, ba a hannun iyayenta ba. Ba wanda ya rubuta mata takardar kora. Wata uku ko huɗu sai laulayin ciki ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Binciken lafiya na ƙasa na 2015 zuwa 2016 ya nuna kashi 29 cikin 100 na 'yan matan Malawi masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari.

Abin da basarakiyar ta yi

Theresa Kachindamoto ita ce autar gidan sarauta mai 'ya'ya 12. Ta shafe shekara 27 tana aikin sakatariya a wata kwaleji a birnin Zomba, can kudancin ƙasar, ba ta taɓa sa ran sarauta ba. A 2003 masu zaɓen sarki suka kira ta gida suka ɗora ta a kan jama'ar da aka ƙiyasta sun haura 900,000. Da ta fara zagaya ƙauyuka sai ta riƙa cin karo da 'yan mata masu shekara 12 goye da jarirai, mazajensu ma ba su gama girma ba.

Ta fara da lallami, tana kiran taron iyaye, aka yi mata kunnen ƙashi. Wasu suka ce ba ta da hurumin taɓa al'ada, wasu suka ce mace mai 'ya'ya biyar duk maza me ta sani game da tarbiyyar 'ya mace. Har barazanar kisa ta sha. Daga nan ta sauya dabara, kuma wannan sauyin shi ne ƙashin bayan labarin. Ta bar iyaye, ta koma kan waɗanda ke ƙarƙashin ikonta kai tsaye. Ta tara ƙananan sarakuna 50 ta sa suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar hana auren yara a yankunansu da raba waɗanda aka riga aka ɗaura. Da ta samu labarin huɗu daga cikinsu sun ci gaba da kau da kai, sai ta dakatar da su ba sani ba sabo. Ba ta mayar musu da rawaninsu ba sai da ta tabbatar an raba auren da aka ɗaura a ƙasarsu.

Me ya sa hakan ya yi aiki inda dokar gwamnati ta kasa? Auren ƙauye a Malawi yawanci na gargajiya ne, ba a rajistarsa a ofis, alƙali da ɗan sanda ba sa ma jin labarinsa. Wanda ya san da shi dagaci ne, kuma dagacin nan ne ke raba gonaki, yake sasanta rigima, yake cin tarar akuya ko kaza. Mutumin ƙauye zai iya rayuwa bai taɓa shiga kotu ba, amma ba zai iya rayuwa yana gaba da dagacinsa ba. Kachindamoto ta gane cewa muddin rawanin dagaci yana cikin haɗari, shi da kansa zai zama ɗan sandan dokar. Ta kuma kafa wasu iyaye mata da maza a ɓoye cikin ƙauyuka fiye da 500, aikinsu su sa ido su kawo mata labarin duk yarinyar da aka daina gani a makaranta. Ta haramta wasu abubuwan da ake koya wa 'yan mata a sansanonin balaga, inda ake tura yarinya ga namiji da sunan kammala tarbiyya.

Hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa a watan Yunin 2015 Kachindamoto ta raba aure 330 na gargajiya, aka mayar da yaran makaranta: 'yan mata 175 da samari 155. Wannan adadi na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali yana da muhimmanci. Yaro ɗan shekara 16 da aka ɗora wa mata da jariri shi ma ya gama karatu ke nan, sai kamun kifi, sai ƙwadago. Zuwa 2016 jaridu sun ce auren da ta raba cikin shekara uku ya haura 850, daga baya aka riƙa ambaton sama da 3,000. Ta rasu a watan Agustan 2025.

Doka ta biyo ta a baya ne. A 2015 majalisar Malawi ta zartar da dokar aure da ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, Shugaba Peter Mutharika ya sa mata hannu. Sai dai tsarin mulkin ƙasar ya bar ƙofa a buɗe, domin ya yarda mai shekara 15 zuwa 18 ya yi aure in iyaye sun amince, kuma tsarin mulki yana gaba da kowace doka. Sai a Fabrairun 2017 majalisa ta gyara wannan sashe.

Washegarin rabuwa

A nan ne masu yabo kan tsaya, a nan kuma wahalar take farawa. An raba aure, to ina yarinyar za ta? Gidan da ya aurar da ita don ya rage baki ɗaya, yanzu baki biyu aka dawo masa da su.

Malawi tana da tsarin sake karɓar ɗaliba bayan haihuwa tun 1993, an kuma yi masa gyara a 2006 da 2018. A ƙa'ida, mai ciki za ta dakata, ta haihu, ta nemi komawa. Amma a dubi yarinyar a safiyar da ta koma. Shekara biyu ba ta buɗe littafi ba, 'yan ajinta na da sun wuce, an zaunar da ita da ƙannen ƙawayenta. Wajen ƙarfe goma nono ya cika ya fara jiƙa gaban rigar makaranta, ta ɗora littafi a ƙirji tana karewa, samarin bayan aji sun gani suna ƙus-ƙus. In ta yi sa'a, mahaifiyarta za ta kawo jaririn bakin makaranta lokacin tara ta shayar da shi a tsaye ta koma. In mahaifiyar tana gona, yarinyar ce za ta zauna a gida. Ranar da jariri ya kwana da zazzaɓi babu zancen aji. Tsohon mijin yana nan a ƙauyen, yana da ɗan abin hannu, yana aiko da saƙo. Ba sai an tilasta mata ba, wata rana da ƙafarta za ta koma.

Kachindamoto ta san da wannan. Shi ya sa ta riƙa biya wa wasu kuɗin makaranta daga aljihunta, ta nema wa wasu masu ɗaukar nauyi, ta matsa wa kakanni su riƙe jarirai, ta kuma riƙa gayyato mata masu muƙami, har da 'yan majalisa, su zo makarantun ƙauye yara su ga inda karatu kan kai mace. Ƙungiyoyin iyaye mata da ke maƙale da makarantu su ne ke bin gida-gida. A ganina wannan ɓangaren aikin nata ya fi raba auren nauyi, ko da yake bai kai shi daɗin ba da labari ba. Jaridu adadin auren da aka raba suke so, don yana da sauƙin ƙirgawa kuma yana da armashi a kanun labari. Adadin da ya shafi rayuwar yarinyar shi ne na waɗanda suka zauna har suka rubuta jarrabawar ƙarshe. Akwai kuma tambayar da masu yabo ba sa son a yi: 'yar shekara 17 mai goyo da ta ce ita mijinta take so, raba ta da shi da ƙarfi taimako ne ko sabon zalunci? Amsar ta dogara kacokan a kan abin da aka tanadar mata bayan rabuwar.

Wanne ya riga wanne?

Abin mamaki, a Zomba, inda basarakiyar ta yi aikin sakatariya, aka gudanar da gwajin da ya fi haska tambayar wanne ke riga wanne tsakanin aure da barin makaranta. A 2008 da 2009 masu bincike uku, Sarah Baird da Craig McIntosh da Berk Özler, tare da Bankin Duniya, suka bi 'yan mata masu shekara 13 zuwa 22 da ba su taɓa aure ba. Aka riƙa bai wa gidajen wasu kuɗi duk wata, kimanin dala 10, wani kaso a hannun iyaye wani a hannun yarinyar. Rukuni ɗaya an gindaya musu sharaɗi: sai yarinya ta halarci aji aƙalla kashi 80 cikin 100 na ranakun karatu. Rukuni na biyu ba sharaɗi. Na uku ba a ba su komai ba, don a samu abin gwadawa.

Masu sharaɗi sun fi zama a makaranta, sun kuma fi ci gaba a karatun Turanci. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma wajen aure, rukunin da ba a yi wa sharaɗi ba ne ya yi zarra: aure ya ragu da kashi 44 cikin 100, ciki da kashi 27, idan aka gwada da waɗanda ba su samu komai ba. Da aka tona dalili sai aka ga duk bambancin daga 'yan matan da suka bar makaranta ya fito. A rukunin sharaɗi, yarinyar da ta daina zuwa aji kuɗinta ya tsaya, nan da nan sai aure. A ɗaya rukunin, ta bar makaranta amma kuɗi na ci gaba da shigowa, sai gida bai yi gaggawar rabuwa da ita ba. Wato a wurin da yawa daga cikinsu barin makarantar ne ya fara zuwa, aure ya biyo baya a matsayin abin da ya rage wa yarinyar da ba ta aji kuma ba ta kawo komai gida.

Wannan bai wanke aure ba. Yarinyar da talauci ya zaunar a gida zango ɗaya tana iya komawa in an samu kuɗi. Wadda aka aurar, ta haihu, komawarta sai da basarakiya, da kaka, da mai biyan kuɗi, duk a lokaci guda. Aure ne ke mayar da fashin wucin gadi ya zama na dindindin.

Masu binciken sun sake komawa fiye da shekara biyu bayan an daina biyan kuɗin. Nasarar rukunin da ba sharaɗi ta zube, domin kuɗi na tsayawa aka shiga ɗaura aure da haihuwa har suka kamo sauran. Waɗanda tasirin ya ɗore a kansu su ne 'yan matan da tun farko sun riga sun bar makaranta, aka dawo da su aji da kuɗin sharaɗi. Su ne aka tarar sun ƙara shekarun karatu, aure da haihuwa kuma sun yi ƙasa a cikinsu.

A faɗin ƙasar dai an samu sauƙi. A 2010 kusan rabin matan Malawi masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. A binciken 2015 zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 42, a na 2019 zuwa 2020 kuma kashi 38.

Sai annobar korona ta zo. A watan Maris na 2020 Malawi ta rufe makarantu, ba a fara buɗe su ba sai a Satumba, shi ma kashi-kashi. Ƙididdigar gaggawa da gwamnati ta yi ta gano auren yara kimanin 13,000 da cikin 'yan mata kimanin 40,000 a wannan tsakani. A lokacin dokar 2015 tana aiki, gyaran tsarin mulki ya shekara uku, Kachindamoto tana kan karagarta, sarakuna da dama a wasu gundumomi sun kwaikwayi dokokinta. Abin da aka cire daga lissafin cikin waɗannan watanni shi ne ajin da yarinya ke tashi ta tafi kowace safiya.